Na Ci Tuwo Na Ƙoshi, Ashe Yunwa Ce Ke Cin Hankalina

Har yau idan na zauna alwala na zo wanke hannu, sai idona ya tsaya a daidai wuyan hannuna. Akwai wani siririn layi da ya rage a wurin, inda fatar ta ɗan fi sauran duhu. Wanda bai sani ba ba zai lura ba. Ni kuwa na san ranar da layin nan yake kamar an ɗaura mini baƙar safa, fatar tana tsattsagewa tana ɓarewa kamar bayan tsohuwar tukunya, mutanen unguwa kuma suna janye 'ya'yansu idan na fito ɗiban ruwa.

Ni malamar firamare ce. Shekara tara na yi ina koyarwa a ƙauyenmu da ke jihar Zamfara, kuma ba mu san yunwa ba. Ba mu da dukiya, amma akwai gero a rumbu, akwai wake, maigidana yana noma gyaɗa, muna da shanu huɗu da 'yan awaki. Da safe kunun gyaɗa ko koko da ƙosai, da rana fura da nono, da dare tuwon gero ko na dawa. Ranar kasuwa a sayo busasshen kifi ko kayan ciki. Ban taɓa zama na yi tunanin abin da wannan cimar take yi wa jikina ba. Abinci ne kawai, wanda muka tashi muka tarar.

A ƙarshen shekarar 2021 muka baro gida. Lokacin ne aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, mu kuma 'yan bindiga suka kore shanunmu suka hana mu girbi. Ba zan tsaya a kan wannan ba, duk wanda ya fito daga yankinmu yana da irin labarin, wasu ma nasu ya fi nawa ɗaci. Muka shigo Gusau ni da Inna da yarana uku, muka samu ɗaki ɗaya a wani gidan da ba a gama ginawa ba. Maigida ya tafi ci-rani kudu, abin da ya samu ya turo. Ni kuma na kama wankau da surfe.

Abin da ya fi sauƙin samu shi ne masara. Ita masu taimako suke rabawa, ita ake biyana da ita wani lokacin idan na yi surfe, ita ce kuma idan ka auna tiya ɗaya take kai ku inda ba ku zata ba. Na iya surfe sosai. Nakan surfa ta tas, in bushe dusar in sayar wa masu kiwo, in wanke, in kai niƙa, tuwon ya fito fari sol. Wannan farin tuwon shi ne ɗan mutuncin da ya rage mini a cikin gudun hijira. Miya kuwa kuka ce da gishiri da ɗan daddawa. Idan Allah ya hore aka samu wake ko ɗan kifi ko ƙuli-ƙuli, sai in raba wa yara da Inna, ni in ce na ci a wurin aiki. Wace uwa ce ba ta taɓa faɗin wannan ba? Tuwo dai ina ci har in ƙoshi, safe ɗumame, rana koko, dare sabo. Cikina bai taɓa kwana yana kuka ba, shi ya sa ko sau ɗaya ban kawo yunwa a raina ba.

Wajen watan Nuwamba na 2022 tari ya kama ni, ya ƙi tafiya, ga zufa da dare, ga rama. Aka gwada majinata aka ce tarin fuka ne. Aka ɗora ni a kan maganin wata shida, kyauta, aka gargaɗe ni kada in tsallake ko rana ɗaya, aka kuma faɗa mini fitsarina zai yi ja-ja, kada in tsorata. Na riƙe maganin nan da gaske. Tarin ya lafa, na fara jin ƙarfi, na koma bakin bahon wanki.

Sai aka shiga farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace daga hannun mutane. Maigida yana da abin turowa amma ba a iya cirewa, masu ba ni wanki su ma suna cewa in yi haƙuri. Ɗan waken da ɗan kifin da ake gani jefi-jefi suka ɗauke gaba ɗaya. Aka bar mu da buhun masara.

Abin bai fara da fata ba. Da kasala ya fara, irin wadda barci ba ya maganinta, ga shi barcin ma ba ya zuwa. Sai bakina ya fara raɗaɗi. Harshena ya yi ja jawur, ya kumbura, ya yi sumul kamar an goge shi, ko ɗan yaji ya taɓa shi sai hawaye. Miyau ya yi ta taruwa. Abinci ya fita raina, wanda kuma ya ƙara dagula lamarin, don ɗan abin da nake samu ma ya ragu. Daga nan gudawa, yau ta tsaya gobe ta dawo. Na ce ruwan rijiyar gidan ne.

Da zafin bazara ya kankama sai fatar ta bayyana. Ni ina wanki a tsakar gida ne, daga hantsi har azahar, cikin rana, da 'yar riga mai gajeren hannu ko ɗaurin ƙirji. Bayan hannayena biyu suka yi ja kamar ƙuna, suna zafi suna ƙaiƙayi, sannan suka rikiɗe suka yi baƙi ƙirin, fatar ta yi kauri ta soma tsagewa. Haka bayan ƙafafuna, har ana ganin sawun igiyar silifas, wurin da ta rufe lafiya lau, gefe da gefe kuma baƙi. A wuyana abin ya zagaye kamar an sa mini faffaɗar sarƙa, ya sauko ƙirji ya tsaya cak a inda wuyan riga ya fara. Dama da hagu iri ɗaya, kamar da ma'auni aka zana. Wata ta ce sabulun wanki ne. Wata ta ce kirci ne. Wata ta rage murya ta ce Allah ya sa ba kuturta ba ce. Na je wani kemis aka ba ni man shafawa, na shafa har ya ƙare, babu abin da ya canza.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya biyo baya.

Zan faɗi abin da na tuna, sauran kuma Inna da ƙanina ne suka ba ni labari. Na tuna wani baƙin ciki da ya sauko mini ba dalili, mai nauyi kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Na ga asara iri-iri a shekarun nan, na yi kuka na share hawaye na tashi, amma wannan daban ne, ba shi da fuska balle in san da wa nake faɗa. Na tuna ina tsaye da ludayi a hannu na rasa me na zo yi. Na tuna ina sallah na kasa sanin raka'a ta nawa nake, in sake, in sake, har rana ta faɗi. Ni da nake koya wa yara lissafi, aka ba ni canji na kasa ƙirgawa. Sai tsoro. Na fara jin kamar matan gidan suna maganata da zarar na juya baya, kamar akwai wanda ke leƙe ta taga. Da dare ina jin ƙarar babura, irin wadda muka gudo dominta, alhali babu komai sai kukan gyare.

'Yata ta fari, wadda ba na faɗin sunanta, tana da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Ita ce ke kawo mini koko. An ce wata safiya na kalle ta na ce wa ya aiko ta, me ta zuba a ciki, na buge kwanon ya zube mata a ƙafa. An ce na yi ta faɗa ina cewa ba 'yata ba ce, an musanya mini. Wannan ban tuna shi ba ko kaɗan, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk ciwon. Daga ranar yarinyar ta daina kwana kusa da ni, ta koma bayan Inna.

Mutane suka yanke hukunci: iska ce, ko kuma jifa. Wasu suka ce abin da na gani a ƙauye ne ya taɓa mini ƙwaƙwalwa, wanda kuma ba maganar banza ba ce, don akwai waɗanda hakan ya faru da su. Aka kawo hayaƙi, aka kawo rubutu, aka yi tofi. Ban raina ko ɗaya ba, waɗanda suka kawo don ƙauna suka kawo, addu'a kuma ba ta taɓa faɗuwa ƙasa banza. Azumi ya kama a ƙarshen watan Maris, ni ban ma san an shiga ba. Inna ce ta ce wa maƙwabciyarmu, “Ni abin da ya ɗaure mini kai, watan da ake ɗaure shaiɗanu shi ne nata ciwon yake ƙaruwa?” Malamin da ya zo ruƙiyya, Allah ya saka masa da alheri, ya yi karatunsa ya gama, ya dubi hannayena ya ce wa Inna, “Hajiya, ku ci gaba da addu'a, amma baiwar Allah nan jikinta ne ba lafiya. Ku kai ta asibiti, kada ku kwana biyu.”

Ƙanina, wanda ke karatu a makarantar koyon aikin lafiya, shi ya zo ya ɗauke ni a Keke Napep. Ya ce a hanya ina ta roƙonsa kada ya kai ni wurin waɗanda za su yanka ni.

Likitan da muka samu ba yaro ba ne, ya fara furfura. Ƙanina ya fara bayanin ruɗewa da surutai, yana neman a tura mu ɓangaren masu taɓin hankali. Likitan ya saurara, amma idonsa na kan hannayena da ke kan cinyata. Ya ce, “Malama, ɗan sassauta hijabin in ga wuyanki.” Wata nas ta taimaka mini. Ya duba, ya ce in fito da harshe, ya dubi ƙafafuna. Sannan ya juya ga ƙanina.

“Tana gudawa?”

“Ta fi wata guda, ranka ya daɗe.”

“Me take ci?”

“Tuwo.”

“Tuwon me? Da me?”

Ƙanina ya yi shiru, don bai sani ba. Inna ce ta amsa daga bakin ƙofa: “Masara, likita. Masara da kuka. Ko an samu wani abu ba ta ci, yara take ba.” Sai ya tambayi ko ina shan wani magani, aka miƙa masa katin tarin fuka. Ƙanina ya ce likitan ya ajiye biro ya ce, “Wannan pelagra ce. Ba hauka ba ne. Bitamin B3 ne ya ƙare a jikinta, wanda ake kira niyasin. In sha Allahu kafin mako ya zagayo za ku ga 'yar'uwarku ta dawo.”

Inna ta ce ita ba ta yarda ba a lokacin. Ta yaya ƙwayar bitamin za ta gyara mutumin da bai gane 'yarsa ba?

Aka kwantar da ni, aka sa mini ruwa saboda gudawar ta tsotse ni. Aka fara ba ni wata 'yar farar ƙwaya mai suna nikotinamayid, wadda wani nau'in niyasin ce, miligiram 100 sau uku a rana, tare da haɗin sauran bitamin B, da kuma B6 daban. Likitan ya ce kada a kuskura a dakatar da maganin tarin fuka da ka, saura 'yan makonni in kammala, shi zai lura da komai. Ya ce a nemo mini madara, ƙwai, wake, gyaɗa, hanta in an samu, a fara da mai ruwa-ruwa saboda bakina. Ya ce in guji rana har fatar ta warke.

A rana ta uku na farka da asuba na ji kiran sallah, na gane kiran sallah ne, na gane inda nake, na gane matar da ke gyangyaɗi a kan tabarma Inna ce. Ban san yadda zan kwatanta wannan ba sai dai in ce kamar ƙurar hunturu ce ta lafa ka hango bishiyar da ka san tana nan. Na ce, “Inna, azumi nawa yau?” Ta ɗago ta dube ni, ta fashe da kuka. Gudawar ta tsaya a cikin kwanakin nan, harshena ya daina raɗaɗi, na ci alala na ji ɗanɗanonta. Fatar ce ta ɗauki lokaci: ta yi ta saɓulewa tana zubowa, sabuwa na fitowa a ƙasa, sai da aka yi makonni. Na ci gaba da shan ƙwayar har kusan wata guda.

Da hankalina ya dawo sai halin malanta ya motsa. Na dami likitan da tambaya duk ranar da na koma, na dami ƙanina ya yi ta buɗo mini bayanai a wayarsa yana fassara mini abin da ya fi ƙarfina. Ina son in san abin da ya kusa raba ni da hankalina, kuma abin da na gano ya sa na yi kwanaki ina jinjina kai.

Niyasin ba wani abu ne mai yawa ba. Abin da babban namiji ke buƙata a rana miligiram 16 ne, mace 14, mai ciki 18, mai shayarwa 17. Ko a kan farce ka zuba ba zai cika ba. Amma da shi jiki ke ƙera wasu sinadarai biyu, NAD da NADP, waɗanda sai da su kowace ƙwayar halitta take iya juya abinci ya zama ƙarfi. Likitan ya ce in ɗauka tuwo itace ne, niyasin kuma ashana: ko ka tara itace har rufin ɗaki, in babu abin kunnawa, da sanyi za ka kwana. Sassan da suka fi cin wuta su ke fara jigata. Fata da bangon hanji kullum cikin sabunta kansu suke, ƙwaƙwalwa kuma ba ta hutawa dare da rana. Shi ya sa ciwon yake bin waɗannan ukun: fata, ciki, hankali. Fatar da rana ke duka ita ta fi buƙatar gyara, to in kayan gyaran babu, sai ta ƙone a daidai inda ranar ta taɓa. Idan kuma aka bar shi ba magani, ƙarshensa mutuwa.

Na ce masa to ai masara abinci ce, ba guba ba. Ya ce ƙwarai, har niyasin akwai a cikinta, sai dai a ɗaure yake, hanjin ɗan Adam ba ya iya kwance mafi yawansa. Jiki yana da wata hanya ta biyu: yana iya ƙera niyasin da kansa daga wani sinadari mai suna tiriftofan da ke cikin abinci mai gina jiki, wajen miligiram 60 nasa ya ba da miligiram 1 na niyasin. Madara da ƙwai ta nan suke taimako. Masara kuwa ta nan ma matalauciya ce. Ga surfen da nake alfahari da shi, wanda ke tafiya da dusa da idon ƙwayar, ya bar mini kusan gari zalla. Awakin da na sayar wa masu su dusa sun fi ni samun rabo a masarar nan. Sannan ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, isoniyazid, yana taɓa bitamin B6, wanda sai da shi jiki ke juya tiriftofan zuwa niyasin. Ƙofa ta farko a rufe, ta biyu a rufe. Ba laifin maganin ba ne, shi ya ceci huhuna, kuma da za a mayar da ni baya zan sake sha. Mai cin abinci mai kyau yakan sha shi lafiya. Ni ce ya tarar ba ni da komai a ajiye.

Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutanen da suka fara noma masara, can ƙasar Meziko, sun daɗe da sanin makamarta. Sukan dafa ƙwayar da ruwan farar ƙasa ko na toka, ta kwana a jiƙe, a wanke, sannan a niƙa. Wannan dahuwar tana kwance niyasin ɗin. Masara ta bazu duniya, amma dabarar ba ta biyo ta ba, duk inda talaka ya dogara da ita zalla sai ciwon ya ɓulla. Wani likita a Sifen mai suna Gaspar Casal shi ya fara bayyana shi a 1735, kuma wannan zagayen da ya fito mini a wuya har yau da sunansa likitoci ke kiransa, sarƙar Casal. Sunan pelagra daga Italiya ya fito, ma'anarsa fata mai kaushi.

A kudancin Amurka, a farkon ƙarni na 20, ciwon ya kama mutane wajen miliyan uku, ya kashe kimanin dubu ɗari, gidajen mahaukata suka cika da masu shi. Ana ta cewa cuta ce mai yaɗuwa. A 1914 gwamnati ta tura wani likita, Joseph Goldberger, ya bincika. Ya lura cewa a gidajen marayu da na masu taɓin hankali, mazauna ne ke kamuwa, ma'aikatan da ke cuɗanya da su kullum ba sa kamuwa. Bambancin yana cikin kwano. Ya sa aka ƙara wa marayun madara da nama da ƙwai da wake, ciwon ya ɓace. Da aka ƙi yarda, har jinin masu ciwon ya sa aka yi masa allura da shi, shi da matarsa da abokan aikinsa, don ya nuna ba a ɗauka. Ya rasu a 1929 bai san ainihin sinadarin ba. Sai a 1937 Conrad Elvehjem ya gano shi a cikin hanta. Da ƙanina ya karanta mini wannan, matan nan na gidajen mahaukata na yi ta tunani, waɗanda suka mutu a kulle alhali kofin madara ne tsakaninsu da 'ya'yansu. Da an kai ni wani wurin aka ɗaure, da ina cikinsu.

Wanda ya fi kama da nawa shi ne na Malawi. A 1990, 'yan gudun hijirar Mozambik da ke zaune a can suna karɓar rabon garin masara da ɗan wake da gyaɗa. Sai gyaɗar ta yanke na wasu watanni. Mutum fiye da 18,000 suka kamu da pelagra a shekarar, kuma mata sun fi maza nesa ba kusa ba. Ban buƙaci a faɗa mini dalili ba. Na san abin da uwa take yi da rabonta.

Gyaɗa! Abin da muke nomawa a bayan gida, muke soyawa mu ba yara su yi wasa da ɓawonta. A cikin giram 100 nata akwai niyasin wajen miligiram 12, kusan buƙatar yini guda. Ƙuli-ƙulin da ake wa kallon abincin marasa galihu, kunun gyaɗa, miyar taushe, ɗan kifin da ake marmasawa a miya, hanta, kaza, wake, nonon da ake dama fura da shi: kakanninmu ba su san sunan bitamin ba, amma sun haɗa cimar da ta tsare su. Mu ba mu bar ta don raini ba. Raba mu da ita aka yi, ranar da aka kore shanun aka hana mu gona. Shi ya sa nake jin zafi idan na ga ana rabon tallafi buhun masara kaɗai, a ɗauki hoto a tafi. Allah ya saka wa mai bayarwa, yunwar ciki ma ba wasa ba ce. Amma da za a rage masarar kaɗan a haɗa da mudun gyaɗa ko wake, da an tsare wani abin da ba a gani a hoto.

Bayan na warke, labari ya zagaya unguwa cewa akwai ƙwayar da ke maganin hauka. Wata dattijuwa ta zo har ɗakinmu, ɗanta ya shekara biyar yana fama, tana son in rubuta mata sunan ta saya. Na zaunar da ita na ce, “Gwaggo, wallahi da zai yi masa amfani da ni zan saya miki. Nawa ciwon na rashin abu ne, da aka mayar da abin sai ya tafi. Ba kowane taɓin hankali ne haka ba, akwai wanda maganinsa daban ne, kuma yana hannun likitocin ƙwaƙwalwa.” Na faɗa mata abin da likita ya faɗa mini, cewa akwai wani nau'in niyasin da ke sa fuska da jiki su yi ja su ɗauki zafi da ƙaiƙayi, kuma yawan shan sa ba bisa ƙa'ida ba yana lalata hanta. Ba ta ji daɗi ba, na gani a fuskarta, ta zo da fata ta koma da nauyinta. Na raka ta har bakin titi, na kwatanta mata inda za ta kai shi.

Amma akwai wadda na tsayar da kaina. Ranar da na je karɓar sakamakon gwajin ƙarshe na tarin fuka, wata matashiya na zaune a benci da goyo, ta miƙa hannu za ta karɓi kati, na hango bayan hannun. Na matsa kusa na yi mata sallama, na tambaye ta ko bakinta na ciwo, ko cikinta na gudu. Ta dube ni da mamaki ta ce, “Yaya, ya aka yi kika sani?” Na nuna mata wuyan hannuna. Na ce idan ta shiga kada ta tsaya a maganar tari, ta buɗe wuyanta ta nuna, ta faɗi abin da take ci ba tare da kunya ba. Kunyar nan ita ta kusa kashe ni. Sau nawa ma'aikatan suka tambaye ni ko ina cin abinci, na ce ina ci, kuma a ganina gaskiya na faɗa.

Yanzu ina koyarwa a wata 'yar makaranta a unguwarmu. Ba mu koma gida ba tukuna. Masara muna ci har gobe, ita ce dai mai sauƙin, sai dai na rage surfe, ina haɗa ta da gero ko dawa in an samu, kuma ba a sauke tukunya ba tare da wake ko gyaɗa ko ɗan kifi ya shiga wani wuri ba. A bayan ɗakinmu, inda aka tara yashin gini, na share ɗan wuri na shuka gyaɗa kunya huɗu.

'Yata ta fari ta daɗe ba ta saki jiki da ni ba. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma idan na miƙa hannu sai in ga ta ɗan noƙe. Ban matsa mata ba. Wata rana na zaunar da ita na yi mata bayanin duka, da itacen da ashanar, kamar yadda zan yi wa 'yan aji, na ce mata ba ita na ƙi ba, wutar ce ta mutu a kaina. Ta saurara ba ta ce komai ba.

Da daddare na raba tuwo, na marmasa ƙuli-ƙulin da ya rage a kwanon ƙannenta da na Inna, na jawo nawa. Sai ta tashi ta ɗauki kwanona, ta ɗebo daga nata ta zuba mini, ta ajiye a gabana ta zauna har gwiwarta na taɓa tawa.

“Umma, ki ci ina gani,” in ji ta.

Na ci.